Tara Suka Tashi, Ɗaya Ya Kammala: Kaɗaicin Teku Cikin Alƙaluma

A 1968 jaridar Sunday Times ta Ingila ta shirya gasar Golden Globe: mutum ya kewaye duniya shi kaɗai a jirgin ruwa mai tafiya da iska, ba ya da zango ko'ina. Alƙaluman gasar sun nuna cewa ba hadari kaɗai ke kayar da matuƙi ba.

9 da 1. Mutum tara suka tashi, ɗaya ya kammala. Huɗu sun janye tun ba su fita daga Tekun Atlantika ba.

Kwana 312. Tsawon zaman Robin Knox-Johnston, wanda shi ne ya kammala, ke nan a Suhaili, jirgin da bai kai mita 10 ba, daga 14 ga Yuni 1968 zuwa 22 ga Afrilu 1969. Rediyonsa ya lalace, aka yi fiye da wata huɗu ba a ji ɗuriyarsa ba.

10 ga Yuli 1969. Ranar da aka tsinci jirgin Donald Crowhurst, ɗaya daga cikin taran, yana yawo ba kowa a ciki. Bai taɓa barin Atlantika ba, ya dai riƙa aika rahoton ƙarya kan inda yake. Littattafan da ya bari sun nuna yadda hankalinsa ya riƙa gushewa, kuma ana kyautata zaton ruwa ya faɗa. Knox-Johnston ya miƙa wa iyalansa kyautar fam 5,000 da ya ci.

Wata 10. Tsawon tafiyar Bernard Moitessier ke nan, Bafaranshen da shi ma yake cikin gasar, wanda ya yi akasin Crowhurst. Kaɗaicin ya yi masa daɗi, har ya juya wa nasara baya yana dab da samunta, ya zarce zuwa Tahiti.

Kilomita 2,688. Nisan Point Nemo, a kudancin Tekun Fasifik, daga tudu mafi kusa. Tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa kuwa tana shawagi a kimanin kilomita 400 daga doron ƙasa. Sau da yawa 'yan sama jannati ne maƙwabtan matuƙin da ya ratsa wurin.

18 da 5, 16 da 3. Da aka farfaɗo da gasar a 2018 da 2022, aka hana kayan zamani, adadin waɗanda suka tashi da na waɗanda suka kammala ba tsayawa ke nan a kowace shekara. A gasar Vendée Globe kuwa, wadda ita ma ta kewaye duniya ce, inda matuƙa ke magana da gida ta tauraron ɗan adam, Charlie Dalin ya gama cikin kwana 64 a 2025.

Karyayyen jirgi yana shiga lissafi. Abin da watanni na shiru ke yi wa zuciya ba shi da gurbi a jadawalin sakamako, alhali shi ya raba makomar Crowhurst da ta Moitessier.