Yadda Gani Odutokun Ya Riƙa Fid da Mahaya Daga Cikin Fenti

Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon hawan salla a Kazaure ya san ido ba ya iya ƙirga ƙafafun dawaki sa'ad da aka zabura. Sai ƙura, da walƙiyar takobi, da jan alkyabba ya gifta. To, irin wannan gani shi ne Gani Odutokun ya yi ƙoƙarin kamawa da fentin mai.

An haife shi a Nsawam ta ƙasar Gana a 1946. Ya yi karatun zane a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya koyar a nan, har ya rasu a hatsarin mota a 1995.

Fentin mai dai garin launi ne da aka kwaɓa da man wani iri da ake kira linsid, kuma yakan yi kwanaki bai bushe ba. Galibin masu zane sukan fara shata siffa tukuna, sa'an nan su cike ta da launi. Shi kuwa Gani sai ya juya al'amarin. Yakan tsinka fentin har ya zama ruwa-ruwa, ya kwarara shi bisa ƙyalle mai kauri da aka ɗaure a katako, ya bar launuka su malala su cuɗanya yadda suka ga dama. Bayan haka mai wannan aiki sai ya ja da baya ya duba. Inda shuɗi ya taru ya ga alamar rawani, inda ja ya zirara ya ga wuyan doki, sai ya sa buroshi ya ƙarfafa wurin kaɗan, sauran ya ƙyale. Wuyar aikin ke nan, watau sanin inda za a ɗauke hannu, gama in aka ƙara ido da linzami da likkafa, gudun ya mutu. Shi da almajiransa sun kira wannan hanya hatsari da tsari.

Abin da ya sa muka kawo zancen, mun san malamai da yawa, daga Achilafiya har Roni da Babura, ba su ba yaro maki a darasin zane sai dokinsa ya fito kamar hoton kyamara. Mu a ganinmu akwai gyara. Fentin mai yana da tsada, gaskiya ne, amma shuni da jar ƙasa da ɗan ƙaro a kasko sun isa a gwada a bayan kwali.