Ba Kowane Kifi Ke Zama Da Ɗan'uwansa Ba

'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, Hausawa sun ce sai hali ya zo ɗaya ake abota. To, ko a cikin ruwa ma haka abin yake.

A ƙasarmu ta Ɗambatta gonaki sun haɗe da juna, ba wani fili na banza. Saboda haka mai son kiwon kifi sai ya nemi kududdufi, ko ya gina kwarmin siminti a bayan gida, sa'an nan ya sayo 'ya'yan kifi wajen masunta na dam ɗin Tomas. Sau da yawa na ga mutum ya zuba kifi ɗari, ran kamu ya tarar da talatin, ya ce ɓarayi ne. Alhali kuwa ɓarawon yana cikin ruwan.

Mu ɗauki tarwaɗa. Kifi ce mai ƙarfi da saurin girma, tana shaƙar iska a sama, shi ya sa ko ruwa ya gurɓace ba ta mutuwa da wuri. Amma duk abin da ya shiga bakinta abinci ne, har ƙannenta. Don haka a riƙa tace su kamar bayan mako biyu, a ware manya daga ƙanana.

Karfasa kuwa aibinta yawan haihuwa. Uwar tana ɓoye ƙwai a bakinta har su ƙyanƙyashe. In aka bar su su kaɗai, sai su cika ruwa, abinci ya kasa, duk su tsumbure. Maganin wannan shi ne a bari karfasa su yi girman tafin hannu, sa'an nan a saka musu tarwaɗa kaɗan. Manyan sun fi ƙarfin bakinta, ita kuwa tana rage jariran. Kowa ya amfana ke nan.

Giwan ruwa fa, a bar shi a kogi. A wajen 1950 zuwa 1960 aka saka shi a Tabkin Biktoriya na Afirka ta Gabas. Kafin 1990 ire-iren ƙananan kifi kusan ɗari biyu sun ɓace. In ya yi wa tabki haka, ina ga kwarmin siminti?

Shawarata ita ce, kafin Baba ya fid da kuɗin gyaɗarsa ya sayi kifi, a dubi faɗin bakin babban, a dubi jikin ƙaramin. Allah Ya sa mu dace, amin.