Tukwanen tafiya: yadda za ki zaɓi saiti mara nauyi idan girki ya koma wajen gida

A garin Diggi da ke Ƙaramar Hukumar Kalgo, kamar sauran garuruwan masarautar Gwandu, ba kullum ake girki a madafi ba. Idan aikin shinkafa ya kankama a fadamun da gulbin Rima ya ratsa, tun daga Argungu zuwa Birnin Kebbi da Kalgo da Bunza, akwai gidajen da ke komawa bukkar gona su yi kwanaki, saboda yanka da sussuka da gadin amfanin gona. Tun da aka ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance a Birnin Kebbi a watan Nuwamban 2015, noman rani ya ƙara yaɗuwa, zaman gona kuma ya ƙaru. Akwai kuma fitar da ba a shirya mata ba. A ambaliyar 2020, wadda ta cinye gonakin shinkafa masu yawa a Jihar Kebbi, iyalai da dama sun kwana a makarantu da kan tudu da abin da hannunsu ya iya ɗauka kawai.

A kowane hali, uwargida ce ake kallo idan yunwa ta taso. Abin da za ta girka a ciki kuwa dole ya zama wanda zai hau bayan babur ko amalanke ko kwale-kwale, ko ma a ɗora shi a ka ga goyo a baya. Shi ya sa saitin tukwane masu shiga cikin juna, babba ta haɗiye ƙanana, ya fi dacewa da irin wannan fita. Sai dai rashin nauyi ba shi kaɗai ne abin dubawa ba. Tukunyar da ta yi sauƙin ɗauka amma ta ƙona tuwo, ko take zuba wa yara guba a miya, ba ta rage miki wahala ba.

Dabarar ba sabuwa ba ce

Kafin kamfanonin Turai da Sin su fara sayar da saitin tukwanen masu yawon daji, matan Fulani makiyaya sun daɗe da warware wannan matsala. Idan za a tashi daga ruga, ana jera ƙorai ne ƙarama cikin babba, a rufe da faifai, a ɗaure a ɗora wa jaki ko takarkari. Kayan da za su cika ɗaki sai su koma ƙunshi ɗaya. Ita ma langa da samira da iyayenmu ke jerawa a ɗaki, da yawansu saiti ne mai shiga cikin juna.

Darasin da ke ciki shi ne, kowane abu a cikin ƙunshin ya kasance yana da aiki, in da hali ma aiki biyu. Duk abin da ba za a taɓa shi kullum ba, a bar shi a gida.

Fara da ƙirga bakuna

Yawancin saitin da ake tallatawa a intanet an yi su ne domin mutum ɗaya ko biyu masu dafa taliya da shayi. Babbar tukunyar ciki sau da yawa ba ta wuce lita 2 ba. A hoto za ki gan ta da girma, sai ta iso ki tarar ko yara uku ba za ta ciyar ba. Don haka kada ki saya sai kin ga an rubuta yawan litar kowace tukunya.

Lissafi mai sauƙi shi ne ki ware wa kowane mutum kusan lita ɗaya a babbar tukunya, domin shinkafa da wake suna kumbura, tuwo kuma yana son sarari wurin tuƙi. Ga gida mai mutum shida, tukwane uku sun wadatar: ta lita 6 zuwa 8 domin tuwo ko shinkafa, ta lita 3 zuwa 4 domin miya, da ƙarama ta lita 1 zuwa 2 domin kunu ko kokon yara da ruwan zafi. Idan akwai ma'aikata a gona da za a ciyar, wannan lissafi ne daban, ki tanadi babbar tukunya guda da za ta zauna a bukka har a gama aiki.

Kada tallar "kaya 15 a saiti ɗaya" ta ruɗe ki. Yawanci cokula da ƙananan kofunan roba ne suka cika adadin.

Wane ƙarfe?

Alminiyam shi ne mafi yawa a kasuwanninmu, kuma da dalili. Nauyinsa kusan kashi ɗaya cikin uku ne na baƙin ƙarfe ko silba mai girma ɗaya, yana ɗaukar zafi da wuri, yana kuma baza shi ko'ina a gindin tukunya. Wannan na nufin itace kaɗan zai dafa miki abinci. Matsalarsa ita ce ba ya shiri da tsami, ba ya kuma shiri da kanwa. Miyar yakuwa, tumatir, tsamiya da zoɓo suna cin jikinsa a hankali, haka ma kanwar da muke sa wa wake da miyar kuka da kuɓewa. Shi ne dalilin da kike ganin cikin tukunya ya yi duhu ko ya yi ƙananan ramuka. Idan da ita kika girka irin wannan abinci, ki juye shi a wani mazubi da zarar ya nuna, kada ya kwana a ciki.

Silba, wato ƙarfen nan mai sheƙi da ba ya tsatsa, ba ruwansa da tsami ko kanwa, yana jure ƙanƙara da faɗuwa, yana kuma daɗewa. Amma ya fi nauyi, kuma idan gindinsa siriri ne, zafi yana taruwa wuri ɗaya abinci ya kama. Ya fi dacewa da tukunyar miya da ta kunun yara.

Tukwane masu baƙin shafi a ciki, waɗanda abinci ba ya kamawa, na murhun gas ne a cikin gida. Shafin yana fara lalacewa idan zafi ya haura digiri 260, wutar itace kuwa tana wuce haka nesa ba kusa ba. Muciya da soson ƙarfe ma suna kankare shi. Ki bar su a madafi.

Akwai kuma na taitaniyam da masu hawan duwatsu a ƙasashen waje ke yabo. Ba su da nauyi ko kaɗan, amma suna da tsada sosai, sirara ne, kuma suna saurin ƙona abinci mai kauri. Na tafasa ruwa ne, ba na tuwon masara ba.

Maganar tuwo

Nan ne yawancin saiti marasa nauyi ke gazawa. Tuƙin tuwo yana buƙatar tukunya mai kauri wadda za ta zauna daram a kan duwatsun murhu, ta jure muciya ba tare da ta lotsa ba. Siririyar tukunya za ta riƙa zamewa, gindin tuwon ya ƙone alhali samansa bai nuna ba.

Mafita ita ce kada ki nemi duka ukun su zama marasa nauyi. Ki yarda babbar ta yi ɗan kauri, ita ce za ta zama uwa kuma akwatin sauran. Biyun da za su shiga cikinta su ne za su zama masu sauƙi. Ba dole ba ne ma su fito daga kamfani ɗaya. Ki tafi kasuwa da babbar tukunyarki, ko ki auna faɗin bakinta da zurfinta da zare, ki gwada ƙananan a ciki kafin ki biya.

Haɗarin da ido ba ya gani

Tukunyar zubi, wadda maƙera ke narka tsofaffin kayan alminiyam su zuba a ƙasa su fitar, ita ce ta fi kowace daɗin tuƙin tuwo, ga araha ga ƙarko. Amma ingancinta ya dogara ne da abin da aka narka. Idan tarkacen ya haɗa da kayan injin mota, lagireto ko kayan lantarki, gubar dalma na iya shiga cikin ƙarfen.

A 2014 masu bincike sun gwada irin waɗannan tukwane da aka ƙera a Kamaru, ta hanyar tafasa ruwa mai ɗan tsami a cikinsu, suka tarar dalma na fita daga jikin tukunya zuwa cikin ruwan. A 2017 an faɗaɗa gwajin zuwa kayan girki 42 daga ƙasashe 10 masu tasowa, aka sake samun da dama daga ciki suna sakin dalma da wasu ƙarafa masu cutarwa.

Mu a Arewa mun san abin da dalma ke yi. A 2010 yara fiye da 400 suka rasu a ƙauyukan Jihar Zamfara sakamakon gubar da ta fito daga niƙan duwatsun zinare a cikin gidaje. Abin da tukunya ke saki bai kai wancan yawa ba, amma kullum ne, safe da dare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani adadin dalma, komai ƙanƙantarsa, da aka san ba ya cutarwa. Ta fi yi wa ƙananan yara da masu juna biyu illa, domin tana taɓa ƙwaƙwalwa mai tasowa, yaro ya riƙa shan wahalar karatu ba a san dalili ba.

Ba a gane dalma da launi ko nauyi ko ƙarar tukunya. Abin da za ki iya yi shi ne ki sayi tukunyar zubi wurin maƙerin da aka sani, a tambaye shi me yake narkawa. Sa'annan ki ware ta ga tuwo da farar shinkafa. Miya mai tsami, kunun tsamiya da duk abincin jariri, a yi su a silba. Idan kuɗinki bai kai ki canja duka ba, ki fara da ƙaramar tukunyar yara.

Abin da za ki duba kafin ki biya

Ko a babbar kasuwar Birnin Kebbi kike, ko Jega, ko kasuwar ƙauye, ki ɗauki lokaci ki taɓa kayan da hannunki.

Murfi: ya zauna daidai ba ya rawa. Murfi mai kyau yana rage cin itace, yana kuma tsare abinci daga ƙurar hunturu da ƙudaje. Ki guji na gilashi, hanya ɗaya mai gargada ta ishe shi. Murfin ƙarfe mai ɗan zurfi zai iya zama faranti.

Mariƙi: na roba yana narkewa a wutar itace. Ki nemi kunnuwan ƙarfe gajeru waɗanda aka kafe da ƙusa, ko mariƙin waya mai kwanciya. Dogon hannu yana hana tukunya shiga cikin 'yar'uwarta, kuma shi ne yaro ke fizga.

Gindi: ki danna shi da babban yatsa. Idan ya lotsa ya dawo da ƙara, ya yi siriri. Idan a kan kurfoti ko ƙaramin gas za ki girka, ki zaɓi mai shimfiɗaɗɗen gindi. Mai zagayayyen gindi ta fi zama a kan duwatsu uku.

Shiga cikin juna: ki jera su duka tare da murafensu, ki rufe babbar, ki girgiza. Idan murfin bai rufu ba, saitin bai cika sunansa ba.

Nauyi: ki ɗaga ƙunshin da hannu ɗaya. Ki tuna ban da shi akwai hatsi, ruwa, tabarma da gidan sauro.

Shirya ƙunshin

Sararin da ke cikin ƙaramar tukunya dukiya ne. Ki zuba ashana a cikin leda ko kwalba mai murfi, gishiri, daddawa, garin kuka, barkono, ƙaramar wuƙa a naɗe, soso da sabulu. Ki sa tsumma mai tsabta tsakanin tukunya da tukunya, zai hana su gogar juna da ƙara a hanya, ya kuma zama abin sauke tukunya daga wuta. Ludayi da muciya a ɗaure su a gefe. Kananzir ko fetur ɗin injin ban ruwa kada su kusanci wannan ƙunshi.

Kafin ki ɗora tukunya a wutar itace, ki shafe bayanta da kwaɓaɓɓiyar toka ko sabulu. Baƙin hayaƙi zai fita da ruwa kaɗan, ba zai kuma ɓata cikin wadda za ta shiga ba. Ki bari su bushe sarai kafin ki jera su.

A wurin girki

Iskar hunturu tana kwashe zafin wuta, don haka ki kafa murhu a bayan kariya, nesa da bukkar kara da tarin shinkafa. Kada sanyi ko ruwan sama ya sa ki shigar da gawayi mai ci cikin rufaffiyar bukka ko tanti. Yana fitar da iskar guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, tana kuma kashe mutane suna barci.

Ruwan gulbi da na kududdufi, musamman bayan ambaliya, shi ne hanyar amai da gudawa. Ki tace shi da ƙyalle mai tsabta, ki tafasa har ya yi ta ɓararraka na aƙalla minti ɗaya, ki bar shi a rufe ya huce. Wannan aiki kaɗai ya isa dalilin tafiya da tukunya ta uku.

Ga gidajen da ke kusa da ruwa, yana da kyau wannan ƙunshi ya zauna a ɗaure tun daga watan Yuli har damina ta janye, a rataye shi wuri mai tsayi kusa da ƙofa, tare da takardun gida da katin rigakafin yara a cikin leda. Ranar da aka ce a fita cikin dare, babu lokacin neman murfi.