Baƙin Hayaƙi a Sararin Dover

Dare uku a jere abu ɗaya yana faruwa da ni. Ina cikin jirgin yaƙin Ingila, Spitfire samfurin farko, a wani wasan kwamfuta, a saman gaɓar tekun Dover, shekarar da wasan ke kwaikwayo kuwa 1940. Na lallaɓa na shiga bayan jirgin Jamus, Messerschmitt 109, har ya cika min gilashin saiti. Sai ya ankara, ya kifa hancinsa ƙasa ya zube kamar an saki dutse. Ni ma na tura sandar tuƙi gaba don in bi shi. Nan take injina ya yi tari, ya shaƙe, allurar da ke nuna gudun juyawarsa ta faɗi. Daƙiƙa biyu ko uku kacal yake ɗauka ya farfaɗo, amma kafin nan Bajamushen ya zama ɗan ɗigo can ƙasa a kan ruwa.

Wanda bai saba da irin waɗannan wasanni na kwamfuta ba zai ce abin bai kai a ɓata rai ba. Sai dai wasan kwaikwayon jirgin yaƙi ba na danna-ka-harba ba ne. Mutum kan shafe makonni yana koyon tashi da sauka kaɗai, da lura da zafin ruwan inji, da daidaita farfela. A kowane fita yakan yi minti 20 yana hawa sama kafin ya hangi abokin gaba ko guda. Idan duk wannan wahala ta tashi a banza saboda inji ya mutu ba gaira ba dalili, zuciya dole ta tafasa.

Zargina na farko a kan manhajar ya sauka, kuma ina da hujja. Duk wanda ya daɗe a wannan fage ya ga abubuwan takaici da idonsa. Na taɓa ganin jirgi yana nutsewa cikin titin sauka kamar ya taka laka. Na ga jiragen da kwamfuta ke tuƙawa sun jeru sun kai wa tudu karo ɗaya bayan ɗaya. Na ga an saki gyara don a toshe ɓaraka ɗaya, sai biyu sababbi suka ɓullo. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Abokina da muke wasa tare ta intanet ma haka ya yanke: masu haɗa wasan sun ɓata jiragen Ingila, a jira gyara na gaba.

Ban iya jira ba. Na goge wasan na sake saukar da shi, ya cinye min data mai yawa, injin bai fasa tarinsa ba. Na zargi kwamfutata da zafi, na ɗora ta a kan katako na kunna mata fanka. Na zargi maliƙar mai da ke jikin sandar tuƙin, ko wayarta ce ke yankewa idan na tura hannuna gaba da ƙarfi. Na cire ta, na mayar da ƙara mai da rage shi kan maɓallan rubutu. Shiru, abin yana nan.

A dare na huɗu na daina faɗa. Na tashi ni kaɗai a sararin da ba abokin gaba, da biro da takarda a gefena. Tafiya miƙe: inji lafiya lau. Hawa sama: lafiya. Na karya kwana mai tsanani har allon ya fara duhu, alamar jini ya bar kan matuƙi: inji bai ko gezau ba. Na rage mai na gangara sannu a hankali: ba komai. Sai na tura sandar gaba farat ɗaya. Tari. Na maimaita sau 10, sau 10 ya yi tari. Na gwada a ƙasa-ƙasa, na gwada can ƙololuwa, da tanki cike da tanki rabi, duk ɗaya.

Wannan ya sa na ajiye biro na yi tunani. Tangarɗar manhaja ba ta cika yin biyayya haka ba. Wannan abu kuwa ina kiransa yana zuwa, kuma da motsi guda tak.

Washegari na shiga sauya jirage. Hurricane, ɗan'uwan Spitfire a yaƙin: tari iri ɗaya, a lokaci ɗaya. Messerschmitt 109: na tura sanda har allon ya yi ja, injinsa na ruri abinsa. Sai wani Spitfire na shekarun baya-bayan yaƙin, wanda na zaci shi ma zai shaƙe: bai shaƙe ba. Me ya haɗa Hurricane da tsohon Spitfire, ya ware Bajamushe da sabon Spitfire? Kamfanoninsu daban, Hawker da Supermarine, fukafukansu daban, jikinsu daban. Abin da suka yi tarayya a kansa shi ne inji: Merlin na kamfanin Rolls-Royce, mai silinda 12 da girman lita 27. Amma sabon Spitfire ɗin ma Merlin ne a hancinsa. Nan zaren ya sake kuɓuce min.

Abin da ya dawo da shi hannuna hoto ne. Wasan yana ba da damar a naɗi tafiya a sake kallonta daga wajen jirgi. Na rage gudun hoton na zuba wa bututun hayaƙi ido. Ashe abin hawa biyu ne. Da farko injin yana ɗaukewa ba hayaƙi ko kaɗan. Idan na ci gaba da riƙe sandar a gaba, sai baƙin hayaƙi ya tuɗaɗo daga ɓangarorin biyu. Wani mutum ya zauna ya zana wannan hayaƙi, ya tsara lokacin fitarsa. Ba a yi wa kuskure ado irin wannan.

Hayaƙin na ɗauka na kai wa kawuna, wanda ya tsufa a gyaran babura da janareto. Bai taɓa riƙe sandar wasan kwamfuta ba, amma kunnensa ya san inji. Bayan mun gaisa na miƙa masa waya.

"Kawu, don Allah duba min wannan. Me ke sa inji ya yi haka?"

Ya kalla sau biyu, ya matso da wayar kusa da kunnensa.

"Ɗan nan, wannan ai mai ne. Da fari ya rasa shi, daga baya ya yi masa yawa. Baƙin hayaƙi mai ne da bai ƙone ba. Kafireto ne da shi ko injekta?"

Na ce ban sani ba. Ya jawo wani tsohon kafireton janareto daga ƙarƙashin benci, ya kwance ɗan kofin da ke ƙasansa. A ciki akwai wani abu mara nauyi da ke yawo a saman fetur, haɗe da 'yar allura. Ya nuna min yadda suke aiki: idan fetur ya cika kofin, abin ya taso, allurar ta toshe hanya; idan fetur ya ragu, abin ya sauka, allurar ta buɗe. Inji kuma daga ƙasan kofin yake zuƙa.

"Duk dabarar nan," in ji shi, "a kan abu ɗaya ta dogara: mai ya zauna a ƙasa. Ka taɓa ganin babur ya faɗi ya kwanta a gefe? Me yake yi?"

"Mutuwa yake yi, Kawu, mai yana zuba."

"To. Shi jirginka da yake kifa kai, ina man yake tafiya?"

Ban amsa ba, domin amsar ta riga ta zo min ta ciki. Duk wanda mota ta haura da shi kan tudun hanya da gudu ya san yadda hanjinsa ke tasowa sama, kayan da ke bayan mota su yi tsalle. Haka fetur ke yi a cikin kofin idan matuƙi ya tura hanci ƙasa da sauri. Yana tashi ya manne a rufin kofin, ƙasa ta bushe, inji ya zuƙi iska zalla: hawa na farko ke nan, mara hayaƙi. Shi kuma abin da ke yawo a saman mai, tunda man ya koma sama, sai ya koma ƙasa, allura ta buɗe gaba ɗaya, famfo ya yi ta ɗura fetur har kofin ya cika ya tumbatsa cikin inji: hawa na biyu, da baƙin hayaƙinsa. Kwana mai tsanani ba ta jawo wannan, domin ita danna man take yi ƙasa, inda ake son sa.

Da na koma karatun tarihi sai na tarar kawu ya faɗi abin da injiniyoyin Ingila suka yi fama da shi shekaru fiye da 80 da suka wuce. Merlin na lokacin yaƙin sararin Birtaniya, daga Yuli zuwa Oktoba 1940, kafireto mai irin wannan kofi yake amfani da shi. Injin Messerschmitt kuwa, Daimler-Benz 601, famfo ne ke fesa masa mai kai tsaye cikin kowace silinda, don haka ko a kife yake ba ruwansa. Matuƙan Jamus sun gane haka, suka mayar da kifa hanci hanyar tsira. Abin da jirgin kwamfuta ya yi min dare uku, abin da mutane masu rai suka yi ne don su kuɓuta da rayukansu.

Kada a ɗauka injiniyoyin Rolls-Royce sakaci suka yi. Suna da dalili: fetur da ke narkewa cikin iska tun daga kafireto yana sanyaya cakuɗen kafin ya shiga na'urar da ke matse iska, iska mai sanyi kuma ta fi ba da ƙarfi. Sun sami ƙarfin, suka biya kuɗinsa a wani wuri da ba su zata ba.

Saura tambaya ɗaya: me ya sa sabon Spitfire bai shaƙe ba? A nan na ci karo da sunan da ban taɓa ji ba, Beatrice Shilling. An haife ta a 1909, ta karanta aikin injiniya a Jami'ar Mancesta, ta kama aiki a cibiyar binciken jiragen sama ta gwamnati da ke Farnborough a 1936. Tun kafin yaƙi tana tseren babur, har ta zagaya filin tsere na Brooklands a kan babur ƙirar Norton da gudun da ya haura mil 100 a awa. Da na gaya wa kawu wannan sai ya gyaɗa kai, ya ce ai mai babur ba ya rasa sanin kafireto.

Maganinta ƙarami ne ƙwarai: ɗan ƙarfen tagulla mai huda a tsakiya, da ake sawa a hanyar da mai ke bi zuwa kofin. An auna hudar daidai yadda za ta bar iyakar man da inji ke buƙata idan an buɗe masa wuta duka, ba fiye da haka ba. Ko allura ta buɗe baki ɗaya, kofin ba zai tumbatsa nan take ba. Kuma ana iya sa shi ba tare da an janye jirgi daga bakin aiki ba, abin da ya fi komai muhimmanci ga rundunar da ke yaƙi kullum. A farkon 1941 ita da 'yan tawagarta suka riƙa bin sansanonin jirage suna ɗaura shi. Bai kawar da matsalar ɗungurungum ba, ɗan ɗaukewar farko tana nan, amma ya hana shaƙewa mai tsawo. Cikakken magani sai da aka koma ga kafireto mai tura mai da matsi, wanda ba shi da kofin da zai kife, daga wajen 1943. Irin wannan ne a hancin jirgin da ya ƙi yi min tari.

Ke nan masu haɗa wasan ba su yi kuskure ba a nan. Aibin jirgin ne na gaske suka kwafo, da gangan, har da hayaƙinsa. Ina ganin sun yi daidai, domin Spitfire na 1940 da ba ya tari wani jirgi ne daban da ba a taɓa ƙerawa ba. Amma ba zan wanke su tas ba. Layi biyu na bayani a shafin zaɓen jirgi da sun ishe ni, da ban ƙone data da dare huɗu ba. Kuma tangarɗarsu ta gaske, irin jirgin da ke nutsewa cikin kwalta, ita ce ta koya wa 'yan wasa su daina yarda da su, har ya zama idan sun yi aiki mai kyau ma zargi yake jawo musu. Abokina har yau yana ganin injin yana saurin ɗaukewa fiye da kima, cewa ɗan tura sanda kaɗan bai kamata ya kashe shi ba. Wannan gardama ce mai ma'ana, kuma ta fi wadda muka faro da ita: yanzu kan awo muke musu.

Matuƙan Ingila ba su zauna jiran tagullar Shilling ba, suna da tasu dabara. Maimakon su tura hanci ƙasa, sai su mirgina jirgin ya koma rigingine, sannan su jawo sanda zuwa cikinsu. Jirgin zai nufi ƙasa duk da haka, amma nauyin yana danna matuƙi cikin kujerarsa, yana danna fetur cikin gindin kofi. Mirginawar na cin ɗan lokaci, sai dai inji ba ya barin aiki.

Na shafe mako ina gwada ta ni kaɗai kafin hannuna ya saba. Sannan na koma sararin Dover. Na sami wani 109 a saman tashar jiragen ruwa, na shiga bayansa, ya kifa kai kamar yadda ya saba. Hannuna ya so ya tura gaba, na hana shi. Na karkatar da sanda hagu har teku ta koma saman kaina, na ja. Allurar inji ba ta motsa daga inda take ba, ƙarar Merlin ta ci gaba da cika kunnena, fukafukan Bajamushen kuma suna ƙara girma a cikin gilashin saiti.