Kare Bai San Iyaka Ba, Amma Mai Kare Ya Sani

Jama'a, da zarar hunturu ya kama, ciyawa ta bushe a ƙasar Dagomba, to lokacin farauta ya yi ke nan. Duk mai zama a Kanvili ya saba ganin samari da sassafe sun cika mota da gorori da bindigogi da karnuka, sun nufi daji. A cikinsu akwai 'ya'yanmu na zango, domin farauta sana'a ce da iyayenmu suka zo da ita daga ƙasar Hausa. Abin da muke son mu tattauna a wannan wata shi ne abin da ya kamata a yi idan an harbi nama bai faɗi ba, ya tsallaka gonar wani da rauni a jikinsa, karnuka na biye da shi.

Wannan ba abin mamaki ba ne ga wanda ya san daji. Gada ko mazo ko maraya, in harbi bai same su a makasa ba, suna iya yin gudu mai nisa kafin su kwanta. A busasshiyar ƙasa kuwa ido ba ya ganin sawu, ɗigon jini ma nan da nan ƙura ta rufe shi. Nan ne amfanin kare, domin shi da hanci yake aiki, yana bin warin jini da na kofato har inda naman ya ɓuya.

Bin irin wannan nama ba son rai ba ne kawai, addini ma yana so. Aya ta 4 ta Suratul Ma'ida ta halatta abin da dabbar da aka horar ta kamo, in an ambaci sunan Allah. Littafin Risala, wanda ake karantawa a zaurukan malamanmu, ya bayyana cewa in ka tarar da naman da sauran rai dole ka yanka, in kuma ya kwana ba ka gan shi ba, akwai magana a kan cinsa. Wato wanda ya bar dabba da rauni ya azabtar da ita, ya kuma yi asarar nama. Saboda haka mafarauci yana da dalilin gaggawa.

To amma gaggawar ce kan jawo rigima. Abin da baƙo yake gani daji ne ba mai shi, a nan Arewa kowane taki nasa yana da mai shi. Tsarin mulkin Gana na 1992 ya tabbatar da filayen Arewa a hannun sarakuna da masu ƙasa na asali. A Dagomba ƙasa tana ƙarƙashin Ya Na da sarakunan da ke bin sa, ga kuma tindana mai kula da al'adun ƙasa da kurmin da ba a shiga. Kanvili kanta, wadda ke cikin gundumar Sagnarigu tun da aka ƙirƙiro ta a 2012, gari ya riga ya cim mata, inda ake noma a da yanzu fuloti ne da gidaje. Shi ya sa 'yan farauta ke yin nisa zuwa ƙauyukan da ba su san kowa ba, ba kuma wanda ya san su.

Da rani gona ba fanko ba ce. Akwai rogo a ƙasa, akwai doya a rumbu, akwai kaɗanya da ɗorawa waɗanda mata ke dogara da su, ga tumaki da awaki da zabi an sake su kiwo. Karen da ya ɗanɗana jini ba ya bambanta gada da akuya. In kuma aka cinna wa ciyawa wuta don a fito da nama, wuta ta fi kare rashin sanin iyaka. Dattawa ba su manta da gobarar daji da yunwar 1983 ba, kuma tun 1990 akwai dokar da ta hana cinna wa daji wuta barkatai.

Akwai kuma iyakar hukuma. Kowace shekara ana rufe farauta daga 1 ga Agusta zuwa 1 ga Disamba, lokacin da namun daji ke ɗauke da ciki ko shayarwa, in ban da gyazbi ga mai lasisi. Gyaran da aka yi wa dokar namun daji a 1989 ya hana farautar taron dangi, a 2023 kuma majalisa ta zartar da sabuwar doka. Don haka kafin a fita a nemi lasisi da bayani a Sashen Kula da Namun Daji. Gandun Mole da ke kusa da Damongo, mai faɗin fiye da murabba'in kilomita 4,500, ba a farauta a cikinsa sam. Naman da ya tsallaka can ya tsira ke nan, sai a kira kare a juyo.

To mene ne abin yi in sawu ya shiga gonar mutum? Da farko a kama kare a sa masa igiya, domin kare a igiya yana bin sawu, amma ba ya faɗa wa garke. Sa'an nan a sa alama inda jini ya tsallaka, mutum ɗaya ya je ya yi sallama da mai gona ko sarkin ƙauye, gara ma a ce da harshen Dagomba. In an yarda, mutum ɗaya ko biyu su shiga, bindiga a saɓe, ba wuta, ba hayaniya. In an sami naman a yanka, a ba mai gona rabonsa, a kai wa sarki ko tindana cinya yadda al'adar ƙasar nan ta tanada. In kare ya yi ɓarna a biya nan take. In kuwa an hana shiga, a haƙura, ai ana barin halas don kunya. Wanda ya fi duka shi ne a gaida sarkin ƙauye tun kafin a saki kare.

Kada wani ya ce abin bai kai ya kawo ba. Yaƙin 1994 tsakanin Konkomba da Nanumba da Dagomba da Gwanja daga gardamar zabo a kasuwa kusa da Bimbilla ya faro, amma tushensa maganar ƙasa ce, kuma dubban rayuka suka salwanta. Mu Hausawa fataucin goro da neman ilmi suka kawo kakanninmu, masu ƙasa suka ba su masauki. In yaro ɗaya ya keta gona, ba sunansa za a kira ba, cewa za a yi mutanen zango ne.

Muna kira ga sarakunan zango da limamai da shugabannin 'yan farauta su ja kunnen samari kafin kowace fita. Cinyar gada ba ta kai darajar maƙwabtaka ba. Allah Ya ba mu zaman lafiya da masu masaukinmu, amin.