Motarka Na Karkarwa a Silo? Tambayi Wayarka Kafin Ka Je Gareji

Tsohuwar Corolla ɗina ta fara karkarwa duk lokacin da na tsaya a danja, kamar za ta mutu. Wani bakanike ya ce sai an sauke inji. Ni da na saba farautar kuskure a manhaja, sai na ce bari in fara tambayar kwamfutar motar.

Tun 1996, motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka suna da soket ɗin OBD-II mai ramuka 16 a ƙarƙashin sitiyari. Ka soka ƙaramar na'urar ELM327, ka haɗa ta da wayarka ta Bluetooth, sannan ka buɗe manhajar Torque.

P0300 na nufin silinda daban-daban suna fashin wuta. P0171 kuma iska ce ta rinjayi fetur, galibi saboda tiyo ya tsage. P0505 matsalar na'urar daidaita silo ce.

Tawa ta nuna P0302, wato silinda ta biyu. Na musanya kwayil ɗinta da na ta uku, sai lambar ta koma P0303. Ashe kwayil ɗaya ne ya mutu.

Lambar dai hanya take nuna maka. Ka gwada ka tabbatar kafin ka sayi kaya.