Kunnen Doki A Wasan Darar Ces

Mutane da yawa suna zaton in aka tashi kunnen doki a darar ces, to, an yi aikin banza ke nan. Ni dai ban yarda da haka ba, kuma ga dalilina.

A shekarar 2000 aka kara a birnin Landan tsakanin Garry Kasparov, wanda yake riƙe da kambin duniya tun 1985, da Vladimir Kramnik. Dukansu mutanen Rasha ne. A wasan farko Kasparov ne da farare, watau shi zai fara motsi. Ya buɗe da salon da ake kira Ruy Lopez, sunan wani limamin Kirista ɗan Sifen. Kramnik ya tare shi da wata tsohuwar dabara mai suna Kariyar Berlin, wadda manyan 'yan wasa suka daɗe ba su damu da ita ba.

Ga yadda dabarar take. A motsi na takwas farar sarauniya takan cinye baƙar, sarkin baƙaƙe kuma ya cinye ta. Da yake sarkin ya motsa, ba shi da sauran damar fakewa a lungu. Ga kuma sojojinsa biyu sun hau layi ɗaya. Mai kallo sai ya ce baƙaƙe sun shiga uku. Amma ina! Sarauniya ita ce babban makamin kai hari, in babu ita da wuya a kama sarki. Kasparov kuwa gwanin hari ne, sai ga shi an raba shi da makaminsa. Bayan motsi 25 suka yarda a tashi, kowa ya sami rabin maki.

Sau huɗu Kramnik ya kafa wannan kariya, duka huɗun aka yi kunnen doki, har mutane suka laƙaba mata suna Katangar Berlin. Shi kuwa ya ci wasa na 2 da na 10 da farare. Kasparov bai ci ko ɗaya ba cikin wasa 15, kambi ya kuɓuce masa.

Saboda haka ina kira ga 'yan ƙungiyarmu ta dara, in kun sami baƙaƙe gaban wanda ya fi ku, kada ku raina rabin maki. Hausawa sun ce da babu gara ba daɗi.